Kawu Mai Faifai da Muryar Kaka

Na Allah ne mu, kuma gare shi kowa zai koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a nan Dutse bayan doguwar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Na zauna zaman makoki ina jin abin da mutane ke faɗa a kansa, sai tsoro ya kama ni kada a wayi gari jikokinsa ba su san komai nasa ba sai hoton da ke rataye a falo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu mata muna cikin gida, maza suna waje a ƙarƙashin rumfa. Ban yi zaton jama'ar za ta kai haka ba, domin Kawu ba mai sarauta ba ne, ba kuma attajiri ba. Wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye da ke hanyar Taura, babu wanda ya santa a cikinmu. Ta durƙusa gaban matar Kawu, wadda muke kira Hajiya, ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Karatun maigidana yana cikin wani tsohon kaset da ya fara cin kansa. Wannan bawan Allah ne ya cire mini shi ya ɗora a faifai. Har gobe in kewa ta dame ni sai in ce jikata ta kunna mini." Ta share hawaye da bakin mayafi, ta tashi ta tafi, ko ruwa ba ta tsaya sha ba.

Maigidana ya shigo da labarin wani mai haya da babur da ya tsaya a rumfar maza yana cewa, "Wallahi Baba mai faifai ya taɓa zaunar da ni tun hantsi har aka kira salla a kan faifan karatu guda ɗaya. Na yi fushi, na ce ba zan sake zuwa ba. Ga shi faifan yana nan har yau, ko sau ɗaya bai taɓa sarƙewa ba." Mutane suka yi dariya, shi kuwa sai ya fashe da kuka.

Hajiya ma, duk da idonta ya kumbura, sai da ta ba mu dariya. Wata maƙwabciya ta ce ai Malam mutum ne da bai taɓa cutar kowa ba. Hajiya ta ce, "Ban da zannuwana. Duk zanin da ya tsufa ya yi laushi, in na neme shi sai in tarar an yanke masa gefe. Wai shi ne daidai goge faifai."

Kawu ya fara aiki ne a Taura, yana buga takardu da tafireta a ofis. Da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, yana cikin ma'aikatan da aka kwaso aka kawo. A lokacin gidan haya ya yi wuya, sai da ya daɗe yana kwana a shagon wani abokinsa tela kafin ya samu inda zai ajiye iyali. Amma tun yana saurayi abin da ya fi so a duniya shi ne ɗaukar murya. Duk inda aka zauna tafsirin azumi, za ka hango shi a sahun gaba da 'yar rikodarsa, aljihu cike da batura. Da ya yi ritaya, maimakon ya koma gona kamar sa'o'insa, sai ya tafi Kano ya sayo kwamfuta ta hannu, mai na'urar da ke rubuta abu a kan faifan sidi. Da furfurarsa ya riƙa zirga-zirga yana koyo har ya iya. Ya kama ɗan shago kusa da kasuwa, ya sa benci biyu da fanka.

Wanda ya san shagon nan ba zai manta da yadda Kawu ke karɓar faifai ba. Ba ya taɓa cikinsa da yatsa. Zai zura ɗan yatsa a ramin tsakiya, ya dafe gefe da babban yatsa, ya fito bakin ƙofa, ya ɗaga shi sama yana juyawa a hankali, ido ɗaya a kanne. Yana neman karce, ko tabo, ko 'yan ƙananan huji da haske ke ratsawa. Ko sabo ne fil daga leda sai ya yi masa haka. In ya ga ƙura sai ya hura masa iska, ya goge daga tsakiya zuwa baki. Na taɓa ɗaukar tsumman na goge wani ina zagayawa kamar mai wanke faranti. Ya ƙwace da sauri.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "rubutun a zagaye yake tafiya. In tsakuwa ta shiga tsumman kika bi zagayen, kin kashe layi guda sukutum. In kuwa kika ratsa, ɗan kaɗan za ki taɓa a kowane layi, na'ura tana iya cike wannan da kanta."

Na'urar tana da gudu hawa-hawa. Samarin da ke irin sana'ar suna sa ta a na ƙarshe, kafin ka gama gaisawa faifai ya fito. Kawu na ƙasa yake zaɓa. In ta gama rubutawa, sai ya sa ta koma ta karanta abin da ta rubuta ta gwada da na asali. In murya ce, ya ɗauki faifan ya kai wata tsohuwar rediyo mai cin faifai da ke kan kanta, wadda ya ce ta fi kowace tsangwama, ya kunna. In ta karɓa, to kowace za ta karɓa. Mai jira ya yi ta duba agogo, Kawu ko a jikinsa. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Ni ba na ba da faifan da ban ji ƙarshensa ba."

Babban abokin gabarsa shi ne ɗaukewar wuta. Ana tsakiyar rubutu in aka ɗauke, faifan ya tashi daga aiki, ba ya gaba ba ya baya. Sai ka ji ya ce, "La haula," ya ciro shi ya jefa a wani kwali da ke ƙarƙashin tebur. Daga baya ya sayi ɗan akwatin batir da ke riƙe wuta, amma kwalin bai daina cika ba, don duk faifan da ya yi masa ko 'yar in'ina ɗaya can yake kai shi. Bai yarda a sayar da irinsu a rahusa ba. Manoman da ke shigowa ranar kasuwa su ne suka gano amfaninsu. Suna ɗaure su da zare a gonar gero, iska tana juya su, walƙiyarsu tana korar tsuntsaye. In damina ta yi nisa sai ka ga dattijo ya leƙo yana cewa, "Malam, akwai matattu?" Kawu ya ɗebo masa. Da kaka kuma su dawo masa da damin gero ko ƙwaryar wake, ya yi ta cewa bai san abin da ya yi ba.

Akwai irin faifan da ake gogewa a sake rubutawa, wanda ma'aikatan ofis suka fi so don ajiye takardu. Ni ma da shi nake adana tambayoyin jarrabawar ɗalibaina. Kafin Kawu ya ɗora komai a kan irinsa, sai ya bar na'ura ta bi ta kansa tun daga farko har ƙarshe. Ya ce tana lura da wuraren da suka mutu, ta yi musu alama, in ta zo rubutu ta tsallake su ta kai abin wani fili da aka ware. "Amma filin ba shi da yawa," in ji shi. "In kika ga ya fara daɗewa kafin ya buɗe, kada ki jira. Kwashe kayanki ki kai sabo."

Wata rana ina shagon wata mata ta shigo da goyo, fuskarta duk ta jeme. Matar aure ce da ta koma karatu, tana gab da gamawa. Duk aikin binciken da ta rubuta yana kan faifai ɗaya, ɗanta ya same shi ya yi mota da shi a kan siminti. Ta zaga shaguna an ce mata ta haƙura. Kawu ya ɗaga faifan ya daɗe yana kallo. Ya ce, "'Yata, zauna ki ba yaron nan nono. Ban yi miki alkawari ba." Ya wanke faifan da ruwa da sabulu, ya shanya shi a inuwa. Ya ɗauko man goge haƙori, ya ɗiga kaɗan a tsumma, ya riƙa murza karcen a hankali, ya wanke, ya gwada, ya sake murzawa. Na'urar ta yi ta gurnani tana komawa baya. Babi-babi aka riƙa samu, har aka kwashe duka ban da wasu shafuka na ƙarshe. Ya ɗora mata a faifai biyu, ya ce ɗaya ta kai gidan iyayenta ta ajiye. Da ta buɗe jaka, ya ce ta rufe, ta dai zo ta nuna masa takardar shaida in ta fito. Ta kuwa zo.

Sai dai ba da wannan tsanani Kawu ya fara sana'ar ba. Wani abu ne ya same shi, kuma a gidanmu ya faru.

Kafin Kaka ta rasu, wato mahaifiyar su Kawu da Ummata, Kawu ya je Taura da rikodarsa ya same ta a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ya lallaɓe ta ta yi magana. Ta fara da waƙar niƙa da suke yi suna amare, ta ba da labarin yadda mahaifinsu ya sare dajin da ya zama gonar gado, sannan ta bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da ke ranta, tana sa musu albarka. Su huɗu ne: Kawu, da Ummata, da Iya da ke aure a Taura, da autansu, Ƙaramin Kawu, da ke koyar da yara karatu a Kafin Hausa.

Da Kawu ya buɗe shago, aikin da ya fara yi shi ne ya juye kaset ɗin nan a faifai huɗu, ya ba kowa nasa. Bai san faifai yana da na kirki da na banza ba, ya sayi wasu masu araha da aka kawo masa a ɗaure. Bai daɗe da juyewa ba rikoda ta taune zaren kaset ɗin, don zafi ya riga ya cinye shi. Kawu bai damu sosai ba, tunda akwai shi a kwamfuta. Sai ga shi wata rana an kawo wuta da ƙarfi, ta ƙone cikin kwamfutar da duk abin da ke ciki. Ya ce ai akwai faifai har huɗu.

Umma ta karɓi nata ta jefa a ƙasan akwati, ba ta saurara ba. Dalili kuwa sananne ne a danginmu, ko da yake ba a maganarsa. Ana yaye ta aka ba da ita riƙo ga yayar Kaka da ke Haɗeja, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. In ta zo Taura kamar baƙuwa take, ana shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Ba ta taɓa yi wa Kaka rashin ladabi ba, amma ban taɓa ganin sun zauna sun yi hira irin ta uwa da 'ya ba. Har Kaka ta bar duniya Umma ba ta tambaye ta komai ba.

Shekaru suka wuce. Ranar nan sai ga Umma a gidana da faifan a ƙulle cikin ɗankwali. Ta ce, "Saka mini abin nan in ji." Na saka. Muryar Kaka ta cika ɗakin, har ana jin ƙarar ɓawon gyaɗa da kukan kaji. Umma ta zauna a bakin gado, hannu a haɓa. Aka wuce waƙa, aka wuce gona, aka wuce sauran 'ya'yan. Sai Kaka ta ce, "Ita kuwa wadda na bayar Haɗeja..." Daga nan muryar ta kama in'ina, ta riƙa maimaita gaɓa ɗaya, ta yi tsalle, sai ga mu a salatin rufewa. Na mayar baya, haka. Na goge, na sake sakawa, haka. Da na duba sai na ga bakin faifan ya yi ja, fatar bayansa tana ɓamɓarowa kamar ɓawon albasa.

Umma ta yafa mayafi ta nufi kasuwa, na bi ta. Ta ajiye faifan a teburin Kawu. Ya ɗaga shi a haske ya duba. Ya jawo nasa daga aljihun tebur, shi ma bakinsa ya ci. Ya bayyana mana cewa faifai daga tsakiya yake fara rubutu ya nufi baki, don haka ƙarshen magana ne ke zama a inda ya fi saurin lalacewa.

"Ki zauna," ya ce mata. "Ni na ɗauki maganar. Na san abin da Inna ta ce, zan gaya miki."

"Ba daga bakinka nake son ji ba, Yaya."

"To ai magana ɗaya ce."

"A wurinka. Kai a gabanta ka girma. Ka sha fura daga hannunta, ta yi maka faɗa, ta yi maka jinya. Ni ɗan wannan ne kaɗai rabona, shi ma ka kasa riƙe mini."

Ban taɓa jin Umma ta ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Masu shagunan kusa suka leƙo. Ta juya ta fita, ta bar faifan a nan. Daga ranar ta daina zuwa gidansa, in sun haɗu a wurin suna ko biki gaisuwa ce kawai a tsaitsaye.

Kawu ya daina karɓar aikin kowa. Ya hau mota ya je Taura ya karɓo na Iya, wanda ya tarar a kan taga rana tana dukansa. Ya zauna da faifai uku. Dukkansu sun lalace a baki, amma ba a wuri ɗaya daidai ba. Sai ya riƙa sa na'ura ta karanta kowanne a gudu mafi ƙanƙanta, ya tsinci 'yar gaɓa a wannan, ya samu ta gaba a wancan, yana jerawa. Hajiya ta ce a kwanakin nan in ta kai masa abinci haka take dawowa ta same shi. Ya samu farkon maganar, ya samu addu'ar ƙarshe. Tsakiyar, inda Kaka ta faɗi abin da Umma ke nema, babu ita a ko ɗaya.

Saura faifai na huɗu, shi kuwa kowa ya san an ce babu shi.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, duk gidanmu mun yi murna, har da Kawu, wanda da kansa ya daina juye finafinan rawa ya koma karatu da wa'azi da takardu. Ƙaramin Kawu kuwa ya shiga cikin masu zaga ƙauyuka suna faɗakarwa, ya ɗauki abin da zafi. Da aka kai masa faifan Kaka ya ji an fara da waƙa, sai ya zo Dutse takanas ya ce wa yayansa bai dace a riƙa yaɗa muryar mace tana waƙa ba, ko da uwarsu ce, balle ga ta a kabari tana buƙatar addu'a. Kawu ya ce, "Waƙar niƙa ce fa. Da ita aka niƙa garin da ya raine ka." Magana ta yi tsawo, ƙarshe Ƙaramin Kawu ya ce shi dai ya fasa nasa, kuma yana ba kowa shawara ya fasa. Tun daga nan zumuncinsu ya koma na Salla zuwa Salla.

Wata safiya Kawu ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malama, shirya ki raka ni Kafin Hausa. In ya gan ki zai ji nauyin ɗaga murya."

"Kawu, ba ya ce ya fasa ba?"

"Haka ya ce. Ko ɓaraguzan ne a nuna mini inda aka zubar."

Muka shiga 'yar bas, aka cusa mu da buhunan barkono. Mun same shi a zaure ya sallami ɗalibai. Ya yi mamaki, ya shimfiɗa buzu, aka kawo ruwa. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ɓoye komai ba. Ya ce shi ya sayi faifan banza, shi ya yi sakaci, ga 'yar'uwarsu can ta daina shiga gidansa.

"Ban zo mu sake waccan gardamar ba," ya ce. "Kana iya zama kai ne da gaskiya. Tambaya ɗaya na zo yi."

Ƙaramin Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya tashi ya shiga ciki. Ya dawo da wata tsohuwar jakar fata ta littattafai, ya zaro wani abu a naɗe da farin ƙyalle daga tsakanin littattafan.

"Astagfirullah," ya ce. "Ƙarya na yi maka, Yaya. Na ɗauko dutse ma, na ɗora shi a ƙasa. Na kasa. Ban sake kunnawa ba, amma na kasa."

Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya fita tsakar gida ya ɗaga shi sama. Duhun jakar da rashin taɓawa sun kiyaye shi, bakin ya fara sauya launi amma bai ɓamɓare ba. Ya daɗe a tsaye ya ba mu baya. Da ya juyo, sai ya ce wa ƙanensa, "Ɗauko hularka, tare za mu koma."

Wannan ma sai da na'ura ta sha wuya kafin ta karanta shi. An samu komai ban da wata 'yar kalma guda da ta ɓace a duk huɗun. Na ce masa ai ya san kalmar, ko zai nemo irinta a wani wuri cikin maganar Kaka ya liƙa. Ya ce a'a, abin da ta faɗa za a ji, inda babu kuma a ji shiru.

Aka aika wa Iya ta zo daga Taura. Ni aka tura in ɗauko Umma, sai da na yi ta roƙo kafin ta yarda. Bayan la'asar suka zauna su huɗu a kan bencin shago, aka saya ƙofa. Kawu ya wuce da faifan kai tsaye zuwa wurin. Kaka ta ce:

"Ita kuwa wadda na bayar Haɗeja, kada wani ya gaya mata ban yi kuka ba. Yayata ce ta roƙa, ba ta da kowa, na ji kunyar hanawa. Ranar da aka tafi da ita na bi su har bayan gari, na laɓe a cikin dawa ina hangen su, rigata duk ta jiƙe da nono. Gyaɗar nan da nake aikawa duk kaka, ba don yayata nake aikawa ba. In ta zo na rasa abin da zan ce mata, sai in shimfiɗa mata tabarma mai kyau. Allah ya ba ta 'ya'ya masu..." Nan aka yi ɗan shiru, sai muryar ta dawo, "...ya sa ta gama lafiya."

Umma ta ce, "Mayar." Ya mayar. Ta sake cewa a mayar. A karo na uku ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, Iya ta rungume ta. Da ta natsu, ta dubi Kawu sama da ƙasa, ta ga yadda ya zube, ta ce, "Yaya, yau ka ci abinci kuwa?"

Ƙaramin Kawu ne ya kawar da nauyin da ke ɗakin. Ya ce, "Kai da ka sha duk wahalar nan, ko sunanka ba ta kama ba." Gaskiya ne, da yake Kawu ɗan fari ne, kunya ba ta bar Kaka ta ambace shi ba. Abin da ta ce kawai, "Shi wancan mai abin maganar, Allah ya san shi." Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ta ishe shi. Ya ɗora wa kowa a faifai masu kyau, bibbiyu. Na Ƙaramin Kawu kuwa, ba tare da an roƙe shi ba, ya fara masa daga labarin gona, ya bar waƙar a waje. Ƙanen ya lura, ya yi godiya, ba su sake tayar da maganar ba.

Daga baya wayoyi suka zo, mutane suka koma tura karatu da waƙa a cikinsu, shagon ya yi sanyi. Kawu bai rufe ba. Yana buɗewa kullum don tsofaffin da ke kawo kaset, da manoman da ke neman matattu, da masu zuwa hira kawai. Ranar da ciwon ya buge shi, ɓarin jikinsa ya shanye, a kan kujerar shagon aka ɗauke shi.

Duk tsawon jinyar, Umma ce ke zuwa kowace safiya da kunun tsamiya, ta karɓi Hajiya ta samu ta huta. Ƙaramin Kawu yana zuwa duk Juma'a ya yi masa karatu. Ina nan wata rana da hantsi Kawu ya kama hannun Umma da hannunsa mai lafiya, ya ce da ƙyar, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Me ka yi mini? Ni ce zan roƙe ka, na yi maka tsawa a gaban mutane. Sha kununka kafin ya huce."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sada shi da iyayensa a gidan rahama. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar da aka tashi daga makoki, Iya da Ƙaramin Kawu suna haɗa kaya za su kama hanya, sai suka tsaya a tsakar gida suna duban juna, don duk Salla a gidan Kawu aka saba taruwa. Umma, wadda ba ta taɓa yanke wa danginta magana ba, ta gyara mayafinta ta ce, "Bana a gidana za a yi. Kowa ya zo da 'ya'yansa, kuma kada wanda ya kawo mini uzuri."